Shin yawan jin ana kushe wata ƙabila yana canza zuciyar mutum?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi, kuma kusan kowane mako ina kan hanya tsakanin Funtuwa da Gusau. Cikin Fulani na taso, kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, maƙwabcin da nake bar wa amanar gida idan zan yi tafiya shi ma Bafulatani ne. Amma 'yan shekarun nan, idan na shiga mota na tarar da baƙon Bafulatani da sandarsa, sai gabana ya faɗi, in yi ta satar kallonsa har mu sauka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗana mai shekara 6, da ya ga mai tallar nono ta yi sallama, ya ruga ɗaki yana cewa ɓarayi sun zo. Ban taɓa koya masa haka ba. Shin maganganun da nake ji a majalisa da waya ne suka canza ni? Na zama mai ƙabilanci ke nan? Kuma yaya zan yi da yaron?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: ko abin da kunne ke ji kullum game da wata al'umma yana iya sauya yadda mutum ke ji game da ita ba da saninsa ba, ko faɗuwar gaban nan ta isa a kira ka mai ƙabilanci, sannan me za a yi da yaron da ya ɗauko abin da ba a zaunar da shi an koya masa ba. Amsar ta farko ita ce e, kuma masana halayyar ɗan Adam sun kusa shekara ɗari suna tara hujja a kai. Amsar ta biyu a'a ce, bisa wani sharaɗi da zan zo gare shi. Ta ukun ce mai aiki, kuma mafi yawan aikin yana kan manyan gidan.

Sanin magana daban, yarda da ita daban

A shekarar 1933 wasu masu bincike biyu, Daniel Katz da Kenneth Braly, sun ba ɗalibai 100 na Jami'ar Princeton da ke Amurka jerin siffofi 84, irin su ƙwazo da lalaci da wayo da camfi da mugunta, suka ce kowa ya zaɓi waɗanda suka dace da wasu al'ummomi goma. Ɗaliban ba su yi shawara da juna ba, amma amsoshinsu sun yi kama ƙwarai, har Turkawa, waɗanda da wuya a ce yaran sun taɓa zama da su, sun samu nasu tambarin, kuma siffar da aka fi liƙa musu ita ce mugunta. Abin da wannan ya nuna shi ne mutum yana iya ɗaukar cikakken hoton wata al'umma a kansa ba tare da ya taɓa cin abinci da ko mutum ɗaya daga cikinta ba, domin hoton yana yawo a cikin hira da labarai da ba'a, kowa kuma yana tsintarsa.

Nakan yi wa ɗalibaina wani abu mai kama da wannan a farkon zango. Sai in ce kowa ya raba takarda biyu, a gefe ɗaya ya rubuta abin da mutane ke faɗa game da Bakano da Babarbare da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo da Bafulatani, a ɗaya gefen kuma ya rubuta abin da shi kansa ya yarda da shi, ba tare da ya sa suna ba. Gefen farko kusan iri ɗaya yake fitowa a duk ajin, kamar an haddace shi a allo guda, kuma cikin dariya ake cika shi. A gefe na biyu ne ajin ke yin tsit, ana ta sokewa ana sake rubutawa, a nan kuma amsoshi ke rarrabuwa.

Wata masaniya mai suna Patricia Devine ta gwada wannan bambanci a Amurka a 1989. Ta gano cewa ɗalibai farar fata masu ƙyamar baƙar fata da waɗanda ba su da ita duk sun san munanan abubuwan da ake jinginawa baƙar fata daidai wa daida, kuma idan aka tayar musu da waɗannan kalmomi cikin ƙiftawar ido, yadda ba su ma ankara sun gan su ba, dukkansu sukan karkata ga yi wa halin mutumin da aka ba su labarinsa mummunar fassara. Sai an ba su lokaci su yi tunani sannan a ga wanda ya rungumi maganar da wanda ya ture ta. Ke nan abin da ke fara zuwa zuciya yana nuna abin da mutum ya fi yawan ji ne, abin da ya yi da shi daga baya kuma shi ke nuna matsayinsa. Faɗuwar gabanka tana cikin kashi na farko, rubuto wannan wasiƙa kuwa tana cikin na biyu.

Sharaɗin da na ambata shi ne kada abin ya wuce zuciya ya kai ga baki ko hannu. Fagen malaman addini ne, amma sananne ne cewa ya zo a Bukhari da Muslim cewa an yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su furta ba ko aikata ba, kuma iyakar da binciken zamani ya shata ba ta yi nisa da wannan ba. Ranar da ka hana Bafulatani bashin da za ka ba wani, ko ka ce wa direba kada ya ɗauke shi, ko ka tura saƙon muryar da ke yi musu kuɗin goro, to ranar amsata za ta canza.

Yadda labari ke rinjayar abin da ido ya gani

Ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba. Hanyar da kake bi an sha tare ta, an sace mutane, an kashe wasu, kuma babu mai musun cewa da yawa daga cikin jagororin 'yan bindigar dajin Zamfara da Katsina Fulani ne. Kuskuren yana cikin juya lissafin. Cewa da yawa daga cikin 'yan bindiga Fulani ne magana ɗaya ce, cewa da yawa daga cikin Fulani 'yan bindiga ne kuma wata magana ce daban, kuma ta biyun ƙarya ce, domin da dubbai ake ƙidaya 'yan bindigar, Fulanin Najeriya kuwa da miliyoyi. Ƙari a kan haka, makiyaya na cikin waɗanda satar shanu ta fara cinyewa, masu kai wa 'yan bindiga rahoto da man fetur da burodi kuma daga cikin garuruwa suke fitowa, ba a kuma tambayar ƙabilarsu. Sai dai zuciyar da ta tsorata ba ta tsayawa ta yi wannan lissafi.

Akwai wani gwaji na 1976 da David Hamilton da Robert Gifford suka yi wanda ke bayyana dalili. Sun nuna wa mutane jimloli game da ƙungiyoyi biyu da ba su da suna sai harafi. Ƙungiya ta farko tana da jimloli 26, daga ciki 18 na kyawawan ayyuka, 8 na munana. Ta biyu tana da 13, daga ciki 9 kyawawa, 4 munana. Idan ka duba za ka ga rabon alheri da sharri iri ɗaya ne a ƙungiyoyin biyu, amma da aka tambayi mutanen daga baya, sai suka ɗora wa ƙaramar ƙungiyar laifin da ya fi wanda ta yi, suka kuma fi ƙyamarta. Abu biyu da ba a saba gani ba, wato mutanen da ba ka cika haɗuwa da su ba da kuma mummunan aiki, idan suka haɗu sukan manne a ƙwaƙwalwa fiye da ƙima.

A nan nake ganin babbar ɓarnar da rikicin ya yi wadda ba a cika magana a kanta ba. A da, manomi yakan gayyaci makiyayi bayan girbi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawar da ta rage su bar masa taki, a yi musayar gero da nono, matan ruga su shiga gidajen gari har ƙuryar ɗaki, a san sunayen 'ya'yan juna. Mutumin da ke wannan hulɗa idan ya ji an ce wani Bafulatani ya yi sata, yana da wasu hamsin a ransa da zai auna labarin da su. Yanzu a wurare da dama an daina wannan, wasu rugage sun tashi, wasu Fulanin kuma tsoron 'yan sa-kai ya hana su shiga kasuwa. Gurbin da hulɗar ta bari, waya ce ta cike shi da bidiyon masu bindiga da saƙonnin murya na WhatsApp. Bahaushen da ya yi sata a Funtuwa kuwa, ana cewa ne wani mutum ya yi sata, kuma laifinsa yana nutsewa cikin ɗaruruwan Hausawan da kake gaisawa da su kullum.

Za ka ce, to maƙwabcinka fa, me ya sa amanarsa ba ta kare sauran ba? Gordon Allport, wanda ya yi babban nazari a kan ƙyamar al'ummomi a 1954, ya lura da wannan dabara ta zuciya: idan mutum ya gamu da wanda ya saɓa wa hoton da ke kansa, sai ya cire shi daga cikin jama'arsa, ya ce ai shi wannan daban ne, hoton kuma ya zauna yadda yake. Mu ma muna da hanyarmu ta yin haka, mukan ce ai wannan Bafulatanin gida ne, na daji muke nufi.

Yana da kyau ka tuna cewa kai ma da zarar ka tsallaka Kwara akwai hoton da ke jiran ka. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a garin Uromi na Jihar Edo, suna hanyarsu ta komawa Kano daga Fatakwal, bayan an tare motarsu an ga bindigogin farauta an ce masu garkuwa da mutane ne. Waɗanda suka taru a kansu ba su san ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da suka sani shi ne labaran da suka daɗe suna ji game da mutane masu irin wannan kama.

Wani zai kawo maganar wasan taubasantaka, ya ce ai mun daɗe muna tsokanar juna, Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarabawa, ba a kuma yi yaƙi ba. Gaskiya ne, har ma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014. Amma wasan yana da ƙa'ida: a gaban mutum ake yin sa, yana da damar ramawa, kuma a ƙarƙashinsa akwai alkawarin cewa ba za a cuci juna ba. Abin da ake yi a majalisar da babu Bafulatani ko ɗaya, ana kiran ƙabila guda da sunan ɓarayi, bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba.

Inda yaron ya samo ta

Na yarda ba ka koya masa ba. Yara ba sa buƙatar darasi a wannan fanni, tsarin jimla kaɗai ya ishe su. A 2012 Marjorie Rhodes da abokan aikinta sun ƙirƙiro wata al'umma da babu ita a duniya, suka zana ta a littafin hotuna, suka karanta wa yara 'yan shekara 4. Wasu yaran an riƙa ce musu mutanen nan suna yin kaza, wasu kuma an ce musu wannan mutumin yana yin kaza. Yaran da suka ji magana a jam'i sun fi ɗaukar cewa halin a jinin al'ummar yake, an haife su da shi, duk da cewa ba wani mugun abu aka faɗa a kansu ba. Yanzu ka auna yaron da ke wasa a tsakar gida yana jin an ce Fulani sun tare hanya, Fulani sun shiga ƙauyen su wane. Shi bai san ana nufin wasu mutum ashirin masu bindiga ba, ya ɗauki kalmar yadda aka faɗe ta.

Ko ba a yi magana ba ma, fuska tana koyarwa. Wani bincike da Allison Skinner da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya nuna wa yara ƙanana bidiyon da ake sakar wa wata mata fuska ana kuma ɗaure wa wata, alhali kalaman da ake gaya musu iri ɗaya ne. Yaran sun fifita wadda aka yi wa fara'a, suka kuma shafa wa ƙawar ɗayar ƙyamar da suka ga an nuna mata. Idan mahaifiyarsa tana sauke murya ko ta jawo shi jikinta sa'ad da mai nono ta yi sallama, ya riga ya karanta.

Shawarata ita ce kada a doke shi, kada a yi masa dariya, kada kuma a mayar da abin labarin da za a riƙa ba baƙi a gabansa. A gyara yadda ake ba da labari a gidan, a ce 'yan bindiga sun tare hanya, a kuma daina kunna bidiyon hare-hare inda yara ke ji. Ka gaya masa cewa kakarka Bafulatana ce, ka faɗa masa sunanta da garinsu da abin da take dafa muku. Idan mai nonon ta dawo, ka fito da kanka ku gaisa, ka tambaye ta mutanen gida, ka ba yaron kuɗin ya miƙa mata, ya kira ta Inna kamar yadda zai kira kowace babbar mace. Kada a tilasta shi ranar farko. A wannan shekarun abin da ya gani ana maimaitawa ya fi tasiri a kansa fiye da bayanin da aka yi masa sau ɗaya.

Abin da ke aiki a kan babba

Abu na farko da mutane ke gwadawa shi ne danne tunanin da ƙarfi, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. A wani gwaji da Neil Macrae da abokansa suka yi a Birtaniya a 1994, an nuna wa mutane hoton wani matashi mai ƙwal-kwabo, irin waɗanda ake wa kallon 'yan daba a can, aka ce su rubuta yadda yake yini, aka kuma gargaɗi rabinsu da kada su bari zato ya shiga rubutun. Da aka kai su ɗakin da aka ce za su haɗu da shi, waɗanda aka sa su danne zaton ne suka fi zama nesa da kujerarsa. Saboda haka idan gabanka ya faɗi a mota, kada ka tsaya faɗa da zuciyarka. Ka yi masa sallama, ka tambaye shi inda ya nufa da yadda kasuwar shanu take, domin mutumin da ka san zai sauka a Tsafe ya duba 'yarsa ya daina zama baƙon da kowane labari zai hau kansa.

Bincike mafi kusa da mu an yi shi ne a Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren suka wallafa shi a 2018. Sun bi samari 849, Musulmi da Kirista, aka koya wa wasu daga cikinsu kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin da kowa addininsu ɗaya. A ƙarshe ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai canza ba, abin da suke faɗa a da shi suke faɗa. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka yi karatu a gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne asalin bambancin: waɗanda aka tara su kaɗai da 'yan'uwansu ne wariyarsu ta ƙaru, idan aka kwatanta da samarin da ba su shiga shirin ba. Zama da naka kaɗai yana da nasa tasirin, ko da ba a zauna don a zagi kowa ba, kuma ina ganin majalisarku ta cancanci ka dube ta da wannan ido.

An ga irin wannan a Ruwanda, ƙasar da rediyo ya taimaka wajen rura kisan ƙare dangi na 1994. Elizabeth Paluck ta bi masu sauraron wani wasan kwaikwayo na rediyo kan sulhu har tsawon shekara guda, ta wallafa sakamakon a 2009: abin da mutane suka yi imani da shi a ransu bai motsa sosai ba, amma fahimtarsu game da abin da jama'a ke ɗauka daidai, kamar auratayya da fitowa fili a saɓa wa ra'ayin taro, ta canza, halayensu ma suka bi. Kuma kamar yadda mugun hoto ke shiga ta yawan gani, haka kyakkyawa ke shiga. Bayan Mohamed Salah ya koma Liverpool a 2017, wani nazari da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa laifukan ƙiyayya a yankin sun ragu da kashi 16 cikin ɗari, saƙonnin ƙin Musulmi da magoya bayan ƙungiyar ke wallafawa a Twitter kuma sun ragu da kusan rabi.

Abin da nake fahimta daga waɗannan duka shi ne hali yakan riga zuciya gyaruwa, kuma mutum ɗaya a majalisa da zai ce a'a, a ce 'yan bindiga, yana sauya abin da sauran ke ganin ya halatta a faɗa, ko da ba su yarda da shi a take ba. Wannan bai hana ka taka-tsantsan a hanya ba. Ka shiga mota a tasha, ka guji tafiyar dare, ka lura da wanda ke yawan waya yana faɗar inda kuka kai ko yana tambayar abin da ka ɗauko. Waɗannan alamu na aiki ne, suna iya fitowa daga kowa, kuma mai zuba ido a kan sanda da rawani kaɗai yana iya rasa ganin na kusa da shi mai shadda.

Iyakar wannan amsa

Yawancin gwaje-gwajen da na kawo an yi su ne a kan ɗalibai da yaran Turai da Amurka a cikin ɗakin bincike, inda babu wanda ransa ke cikin haɗari, wasu kuma da aka maimaita su tasirin ya fito ƙasa da yadda aka fara zato. Na Kaduna ma a kan addini aka yi shi, da samari maza kaɗai, don haka jagora ne, ba hukunci a kan halin da kake ciki ba. Sannan wasiƙa ba ta maye gurbin ganawa. Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan cewa labari kake ji, ba a taɓa rutsawa da kai ba. Idan kuwa an taɓa tare motarku, ko an sace wani naka, kuma kana fama da mugun mafarki, ko zufa da bugun zuciya idan ka doshi wani wuri a hanyar, har abin ya haura wata guda yana hana ka barci ko kasuwa, to wannan ciwon firgici ne da ke da magani, kuma gyaran kalamai kaɗai ba zai warkar da shi ba. Sai ka ga likita a babban asibitin da ke kusa da kai, shi zai iya tura ka wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Haka shi ma yaron, idan tsoron ya kai ga fitsarin kwance bayan ya daina, ko ƙin zuwa makaranta, a haɗa da shi a tafiyar.